Sassarfa, ƙwallo ko ƙarfe: wanne ya fi wa zuciyar ɗalibin jami'a amfani?

Bayan la'asar, a kusan kowace jami'a, daga Samaru zuwa sabon mazaunin BUK da ke hanyar Gwarzo, masu motsa jiki kashi uku ne. Ga 'yan ƙwallo sun kafa duwatsu biyu a matsayin raga, ga masu zagaya fili da sassarfa, ga kuma na bayan ɗakunan kwana masu ɗaga ƙarfe, wanda sau da yawa sanda ce kawai aka zuba wa kankare a gwangwani biyu. Duk ukun zufa suke yi, amma aikin da kowanne ke dora wa zuciyarsa daban ne, kuma ribar da zai samu ma daban ce. Ɗalibin da ba shi da fiye da awa uku ko huɗu a mako tsakanin lakca da karatu yana da dalilin tambayar inda ya kamata ya zuba su.

Kafin a kwatanta, sai an san da me ake awo. Matashi mai lafiya da ke zaune cikin natsuwa, zuciyarsa na bugawa sau 60 zuwa 100 a minti, yana numfashi sau 12 zuwa 20, zafin jikinsa na kusa da digiri 37, awon hawan jininsa kuma bai kai 120/80 ba. Idan awon ya riƙa kaiwa 140/90 a ranaku daban-daban, an shiga hawan jini ke nan bisa ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya. A zaune, zuciya na tura kimanin lita 5 na jini a minti. Da an fara gudu sosai sai ta koma tura lita 20 ko fiye, numfashi ya kai 40 zuwa 50, zafin jiki ya haura 38. Wannan duk daidai ne, jiki ne ke biyan buƙatar tsoka.

Akwai lissafi ɗaya da za a yi ta komawa kansa. A cire shekarun mutum daga 220, abin da ya rage shi ne ƙiyasin iyakar bugun zuciyarsa. Ɗan shekara 20 ke nan iyakarsa 200. Matsakaicin motsa jiki na kai shi tsakanin 128 da 152, mai tsanani kuma daga 154 zuwa 186. Lissafin na iya kuskure da bugu goma sama ko ƙasa, don haka a haɗa shi da gwajin magana: idan kana iya hira amma ba ka iya rera waƙa, kana matsakaici, idan kalma uku ko huɗu kawai ke fita kafin ka ja numfashi, ka shiga mai tsanani. Ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2020 ta ce baligi na buƙatar minti 150 zuwa 300 na matsakaici a mako, ko 75 zuwa 150 na mai tsanani, tare da atisayen ƙarfafa tsoka kwana biyu.

Tafiya da sassarfa

A nan ne zuciya ke samun irin aikin da ya fi canza ta. Lokacin sassarfa manyan tsokokin ƙafa na matsewa da saki babu tsayawa, suna maido da jini mai yawa zuwa zuciya, ita kuma tana cika ta tura. Lambar sama ta hawan jini, wato ta farko a awo irin 120/80, na hawa zuwa 160 ko 180, wani lokaci ta doshi 200, amma lambar ƙasa kusan ba ta motsawa, saboda jijiyoyin jinin da ke cikin tsoka sun buɗe. Idan aka yi ta maimaita wannan, cikin mako biyu na farko ruwan jini na ƙaruwa, daga baya ɗakin hagu na zuciya ya ƙara ɗaukar jini, har ya zama bugu ɗaya na tura fiye da mililita 70 ɗin da aka saba. Tunda buƙatar jiki a zaune lita 5 ce dai, zuciyar da ke tura da yawa a bugu ɗaya sai ta rage yawan bugawa. Abin da ya sa 'yan gudun dogon zango ke da bugun 40 zuwa 50 ke nan, kuma lafiyarsu ƙalau. Ɗalibin da ya fara kada ya sa ran haka; saukar wasu 'yan bugu cikin wata biyu zuwa uku ita ce abin da aka saba gani, kuma wanda ya faro daga sama, kamar 85 ko 90, shi ya fi ganin bambanci.

Ɗalibai da yawa na cewa ai tafiyar da suke yi daga ɗakin kwana zuwa tsangaya ta wadatar. Tana da amfani, amma a duba yadda ake yin ta. Tafiyar hira da abokai ba ta cika kai bugun ɗan shekara 20 ko da 110 ba. Sai an kai taku 100 a minti ko fiye kafin a kira ta matsakaiciya, kuma ga matashin da jikinsa ya ɗan saba, ko wannan ɗin na iya gazawa. Tafiya da sauri ta fi dacewa da mai ƙiba, da wanda ya daɗe bai motsa ba, da wanda jininsa ya riga ya hau. Siririn saurayi ko budurwa mai lafiya, bayan wata guda za su buƙaci ƙara wuta.

Hanyar farawa ba ta da wuya: tafiyar minti 5 don jiki ya ɗumama, sai sassarfar minti 1 da tafiyar minti 2, a maimaita sau takwas, sau uku a mako. Kowane mako a ƙara tsawon sassarfar a rage tafiyar, har a iya minti 25 zuwa 30 a jere. Abubuwa biyu ke yawan ɓata wannan shiri. Na farko ciwon ƙwauri, wanda ke zuwa idan an ƙara nisa da gaggawa, musamman a kan kwalta da takalmin da ba shi da taushi. Gefen fili mai ƙasa ya fi. Na biyu tsayawa cak bayan gudu. Jijiyoyin ƙafa na nan a buɗe, tsokar da ke tura jini sama ta daina aiki, sai jini ya taru a ƙafa, kai ya rasa, jiri ya kama mutum, wani har ya faɗi. Tafiyar minti biyar a ƙarshe na maganin wannan.

Ƙwallo

Mutane na ɗaukar ƙwallon yamma a matsayin wasa kawai, alhali ta fuskar zuciya aiki ne ja. Binciken da Peter Krustrup da abokan aikinsa suka yi a Denmak kan mutanen da ba 'yan wasa ba ya nuna cewa a wasan 'yan kaɗan, kamar biyar-biyar ko bakwai-bakwai, matsakaicin bugun zuciya na kaiwa kashi 80 cikin 100 na iyaka ko fiye, kuma wasan awa ɗaya sau biyu zuwa uku a mako na tsawon mako 12 ya saukar da bugun hutu, wato bugun zuciya a zaune cikin natsuwa, da hawan jini, ya kuma ƙara ƙarfin numfashi. Wani abin da suka lura da shi ya fi wannan muhimmanci ga ɗalibi: masu ƙwallo ba sa jin wahalar kamar yadda masu gudu ke ji, ko da bugunsu ɗaya ne. Hankali na kan ƙwallo, ba kan haki ba. Shi ya sa mai sassarfa shi kaɗai ke dainawa a mako na uku, ɗan ƙwallo kuwa abokai ne ke zuwa su buga masa ƙofa.

Sai dai ƙwallon da aka auna a binciken ba shi ne ko da yaushe ake bugawa a filin makaranta ba. Idan mutum ashirin da biyu ne a fili, ga wasu ƙungiyoyi biyu na jiran a ci a fita, mai tsaron baya na iya shafe awa biyu a wurin amma ainihin gudunsa bai kai minti ashirin ba. Mai tsaron raga kuwa ba a magana. Wasan 'yan kaɗan a ƙaramin fili shi ke riƙe bugu a sama. Matsala ta biyu ita ce mutum ba shi da iko da tsananin wasan. Mai sassarfa na iya rage gudu idan ya ji ba daidai ba, amma wanda ke bin ɗan gaba zai kai bugunsa 190 ko ya shirya ko bai shirya ba. Wanda ya yi wata huɗu a zaune sannan ya faɗa gasar tsangayoyi da rana tsaka, ya haɗa duk abin da ba a so a wuri ɗaya. Ga kuma targaɗen idon sawu da raunin gwiwa, waɗanda suka fi yawa a nan fiye da sauran biyun, kuma rauni ɗaya na iya zaunar da mutum mako shida. Ribar da zuciya ta tara na fara zubewa cikin mako biyu zuwa huɗu da dainawa.

Ƙarfe

Abin da ke faruwa a nan kusan kishiyar na sassarfa ne. Tsokar da ta ƙanƙame tana riƙe da nauyi na matse jijiyoyin jinin da ke cikinta, zuciya kuma sai ta tura da ƙarfi don jini ya wuce. Lambar sama da ta ƙasa duk suna hawa tare. Idan aka haɗa da riƙe numfashi ana yunƙuri, hawan ya zama abin mamaki. A wani gwaji da aka wallafa a 1985, masana a Jami'ar McMaster ta Kanada sun auna jinin masu gina jiki kai tsaye daga cikin jijiya yayin da suke tura nauyi da ƙafa biyu, suka samu matsakaicin 320/250, mutum ɗaya ma ya wuce 480/350. Daƙiƙoƙi kaɗan hawan ke yi, kuma jijiyar matashi mai lafiya na jurewa. Amma da an ajiye ƙarfen aka saki numfashi, awon na faɗuwa kwatsam, shi ne duhun da ke rufe ido bayan an miƙe. Ga wanda jininsa ya riga ya hau bai sani ba, ko mai matsalar babbar jijiyar da ke fita daga zuciya, waɗannan daƙiƙoƙin ba abin wasa ba ne.

Wannan bai sa ƙarfe ya zama abin gudu ba. Idan ana yin sa da nauyin da za a iya ɗagawa sau 8 zuwa 12, zagaye biyu ko uku, ana fitar da numfashi lokacin ɗagawa ana shaƙa lokacin saukewa, ana kuma ba kowace tsoka hutun kwana biyu, to a tsawon lokaci yana saukar da hawan jinin hutu, yana taimaka wa jiki sarrafa sukari, yana ƙarfafa ƙashi. Abin da ba ya yi sosai shi ne saukar da bugun hutu ko ƙara ƙarfin numfashi. Shi ya sa za ka ga ƙato mai ƙirji kamar ƙofa yana haki a hawa na uku na benen laburare.

Haɗarin da ya fi yawa a wannan ɓangare daga gasa yake zuwa, da kuma abin da ake sha. Allurai da ƙwayoyin kumbura tsoka na hawar da jini, suna rage kitse mai kyau a cikin jini, suna kaurara tsokar zuciya ta hanyar da ke raunana ta. Sabon shiga kuma da ya ce sai ya yi abin da tsofaffin hannu ke yi a rana ɗaya, tsokarsa na iya farfashewa ta zubo da sinadarin da ke toshe ƙoda. Alamarsa ciwon jiki mai tsanani da fitsari ja-baƙi kamar ruwan shayin da ya daɗe a wuta. Wanda ya ga haka asibiti zai nufa a ranar. Wani ɗan bayani ga masu ƙaton dantse: idan aka auna su da ƙaramin abin ɗaurawa, awon zai fito sama da gaskiya, don haka su nemi babba.

Akwai wasu hanyoyi biyu da ba a cika gani a fili ba, amma sun cancanci shiga lissafi. Ɗaya ita ce gudu mai ƙarfi da hutu a tsakani. Sanannen tsarinsa ya fito daga masana a Trondheim ta ƙasar Nowe: bayan ɗumama jiki, minti 4 a kashi 90 zuwa 95 na iyakar bugu, sai minti 3 na tafiya ko sassarfa a hankali, sau huɗu. Yana ƙara ƙarfin numfashi da sauri a ɗan lokaci, amma ba na sabon shiga ba ne. A yi wata ɗaya ko biyu ana sassarfa tukuna, kuma sau biyu a mako ya isa. Ɗalibar da ba ta son fita fili na iya samun makamancinsa a cikin ɗakin kwana da tsallen igiya ko hawa bene: minti ɗaya ana yi, minti ɗaya ana hutawa, sau goma.

Ɗayar kuma zaman jingina da bango. A manna baya da bango, a zame ƙasa kamar za a zauna a kujerar da babu ita, a tsaya haka minti 2, a huta minti 2, sau huɗu, sau uku a mako, ana numfashi yadda aka saba. Wani babban nazari da ya fito a Birtaniya a 2023, wanda ya tattara gwaje-gwaje 270, ya samu cewa irin wannan atisaye na riƙe tsoka ba motsi ya saukar da hawan jini da kimanin 8/4, yayin da gudu da ɗaga ƙarfe kowanne ya saukar da lambar sama da kusan 4 da rabi. Minti goma sha huɗu ne, ba takalmi, ba fili. Sai dai hawan jini kawai yake taɓawa, ba ya maye gurbin sassarfa. Wanda ya kasa minti biyu kada ya durƙusa sosai, ya ɗan ɗaga sama.

Yanayinmu na canza lissafin

Yawancin waɗancan gwaje-gwaje a ƙasashen sanyi aka yi su. A Kano, Sakkwato, Maiduguri ko Yamai, daga Maris zuwa Mayu zafi na wuce digiri 40. A irin wannan yanayi jini na rabuwa biyu, wani ya tafi tsoka wani ya tafi fata don fitar da zafi, ga zufa na iya cinye lita ɗaya zuwa biyu a awa. Jinin da ke komawa zuciya ya ragu, ita kuma ta rama da yawan bugawa. Gudun da ke kai ka 145 da asuba zai iya kai ka 160 da ƙarfe huɗu na yamma. Saboda haka a bazara a bi bugun zuciya, kada a bi saurin da aka saba. Jiki na sabawa da zafi cikin kwana 10 zuwa 14 idan aka bi a hankali. Mai son sanin ruwan da ya rasa ya hau sikeli kafin da bayan atisaye: kilo ɗaya lita ɗaya ce, kuma a mayar da ita da ɗan ƙari, wato ledar ruwa uku a cikin sa'o'in da suka biyo baya. Masu naɗe ciki da leda ko sa rigar sanyi wai don kitse ya narke, ruwa kawai suke zubarwa, suna kuma hana jiki huce zafi. Idan abokin wasa ya fara sambatu ko tangaɗi jikinsa ya yi zafi rau, a kai shi inuwa, a yi ta kwara masa ruwan sanyi ana fifita, a nemi mota.

A nan sassarfa ta fi ƙwallo sauƙin sarrafawa, don ana iya mayar da ita bayan sallar asuba, ƙwallo kuwa sai lokacin da jama'a suka taru. Da hunturu matsalar ƙura ce, musamman ga mai asma. Ranar da hazo ya yi kauri, igiya ko bango a cikin ɗaki sun fi. Da azumi, tafiyar rabin awa dab da buɗa-baki ba laifi, amma gudu mai ƙarfi da ƙarfe a bar su sai bayan asham, lokacin da an sha ruwa abinci ya faɗa.

Wanda zai fara ganin likita

Suma ko ciwon ƙirji a tsakiyar motsa jiki, hakin da ya fi ƙarfin aikin da aka yi, bugun da ke rikicewa haka kawai, ko tarihin wani a dangi da ya mutu kwatsam yana matashi: duk wanda ke da ɗaya daga ciki ya je asibitin makaranta a saurari zuciyarsa a yi masa gwajin ECG, wanda ke nuna yadda zuciya ke bugawa, kafin ya zaɓi komai. Ɗan ƙwallon Najeriya Samuel Okwaraji ya yanke jiki ya faɗi ya rasu a filin wasa na Surulere ranar 12 ga Agusta 1989 ana wasa da Angola, Marc-Vivien Foé na Kamaru kuma a birnin Liyon a watan Yunin 2003. Duka biyun ƙwararru ne a ganiyar ƙarfinsu. Irin wannan ba kasafai yake faruwa ba, kuma yawanci akwai ciwon zuciyar da ke ɓoye tun da farko, gudu mai tsanani ne kawai ke tono shi.

Abin da ya fi kusa da ɗalibi shi ne zazzaɓi. Kada a yi atisaye da zazzaɓi a jiki, na cizon sauro ne ko na mura, domin zafin jiki da bugu sun riga sun hau, wasu ƙwayoyin cutar kuma na iya kumbura tsokar zuciya. A jira 'yan kwanaki bayan an warke, a dawo da rabin abin da aka saba. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya na da jinin AS. Suna iya kowane wasa, amma su guji kai jiki maƙura cikin zafi da ƙishirwa. Mai sikila kuwa tafiya da atisaye mai sauƙi ne nasa, da shawarar likitansa. Ɗalibar da bugunta ke sama kullum, tana saurin gajiya, tana kuma zubar da jini da yawa a al'ada, a auna yawan jininta tukuna, don ƙarancin jini kaɗai na iya jawo haka.

To wanne za a ɗauka?

Idan abu ɗaya tak za a zaɓa domin zuciya, sassarfa ce, saboda ita ce mutum ke da iko da lokacinta da tsananinta, kuma ita ta fi taɓa bugun hutu da numfashi. Wanda ya san ba zai jure kaɗaici ba ya ɗauki ƙwallo, da sharaɗin 'yan kaɗan ne kuma aƙalla sau biyu a mako. Sau ɗaya ranar Asabar ya yi kaɗan. Mai son ƙarfe ya ci gaba da abinsa, amma ya ƙara sassarfar minti 25 sau uku a mako, abin da zai cika masa minti 75 ɗin idan yana kaiwa matakin mai tsanani. Wanda aka auna aka ga 130 da wani abu, ko iyayensa na da hawan jini, ya haɗa tafiya da sauri da zaman bango, ya rage dunƙule da garin ɗanɗanon taliyar leda, ya bar nauyi mai tsanani har sai awon ya daidaita. A makonnin jarrabawa kuma, maimakon dainawa ɗungurungum, igiyar minti ashirin sau biyu a mako za ta riƙe yawancin abin da aka tara. Ralph Paffenbarger, wanda ya bibiyi tsofaffin ɗaliban Harvard kusan 17,000, ya samu cewa waɗanda suka yi wasanni a jami'a suka daina bayan kammalawa ba su riƙe kariyar ba, don haka a saka cikin lissafi wanne daga cikin ukun zai yiwu a wurin bautar ƙasa da bayanta.

Don sanin ko zaɓin na aiki, a auna abu uku kafin farawa da kuma bayan mako takwas. Bugun safe: kafin a tashi daga gado, a ɗora yatsu biyu a wuyan hannu ta ɓangaren babban yatsa, a ƙirga minti guda, kwana uku a jere. Saurin saukar bugu: da an gama gudu a ƙirga na daƙiƙa 15 a ninka huɗu, a sake bayan minti ɗaya, matashi mai lafiya yakan sauka da 20 ko fiye, idan kuma kullum bai wuce 12 ba a sanar da likita. Sai hawan jini: a zauna minti biyar, baya a jingine, hannu daidai ƙirji, babu kofi, goro, lemon ƙara kuzari ko atisaye a rabin awar da ta gabata, a auna sau biyu da tazarar minti ɗaya. Awon da aka yi jim kaɗan bayan gudu na iya fitowa ƙasa da na gaskiya, domin awon jini kan sauka ya zauna a ƙasa na sa'o'i bayan motsa jiki, saboda haka a yi shi da safe kafin a fita. Idan bugun safe ya haura wanda aka saba da 7 zuwa 10 na kwana biyu ko uku, yawanci rashin barci ne, ko ƙishirwa, ko zazzaɓin da ke tafe, kuma ranar ta hutu ce.